Koriyar Tawadar Da Ba Ta Fita

Masu bin labarin nan, yau sai kun yi min uzuri, don abin da zan ba ku ban fito a cikinsa da fuska mai kyau ba. Duk wadda ta saba rubuta min "Allah sarki Auta" a ƙasa, ta riƙe tausayinta tukuna har ta kai ƙarshe, sannan ta ga ko na cancanta.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce autar gidanmu. Da safe ina aiki a wani shagon buga takardu, da yamma kuma ina sassaƙa hatimi. Ba irin na ofis da ake buga wa takardar sallama ba. Roba nake samu mai laushi, irin ta goge fensir amma faffaɗa, in zana fure ko tsuntsu ko ganye a kanta, in bi da reza in ƙwaƙule duk inda ba na so ya ɗauki tawada. Sai in danna a soson tawada in buga a kwali, in ƙara da guntun leshi, tsohon maɓalli, zare, yagaggiyar takarda, duk abin da Umma ke kira shara. Muna da guruf a waya, mata zalla. Duk wata shugabarmu, Antin Gasa, za ta ba da jigo, kowa ta haɗa katinta ta turo hoto. Babu wata kyauta, in ban da a ɗora katin wadda ta ci a fuskar guruf har watan ya ƙare. Amma ku zo ku ga yadda manyan mata ke ɗaure fuska a kan wannan. A can sunana Mai Reza.

Sai kuma Mai Tabarau, mai neman aurena. Haka gidanmu suka sa masa, don shagon tabarau gare shi, kuma a can muka haɗu ranar da na raka Baba a canza masa gilashi. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Abin da na fara lura da shi a jikinsa hannayensa ne. Tas suke, farce a yanke, kullum da ɗan ƙyalle a aljihu yana goge gilashin da ba shi da datti. Ni kuwa yatsuna kamar na faɗa cikin bokitin fenti.

Abin da ya sa Umma ta mace a kansa shi ne, kamar yana ganin cikin raina. Rezata ta dakushe, ban faɗa masa ba, washegari ga shi da sababbi masu siririn baki. Mun yi faɗa da Yaya na wuni da kumburi, ya zo ya zauna a baranda bai tambaye ni komai ba, sai labarin wata tsohuwa da ta zo shagonsa neman tabarau alhali yana kanta. Umma takan ce, "Irin wannan ba a samunsa sau biyu, Auta. Ki bar wasa da roba ki kama dahir."

Ranar Alhamis da ta wuce Baba ya kira ni falo. Ya ajiye carbinsa a hannun kujera, ya dube ni ta saman gilashin da shi wancan ya gyara masa.

"Ni ba zan yi miki dole ba, kin san halina. Amma ba zan bar ɗan mutane ya ci gaba da goge min kujerar baranda da wandonsa ba. Ranar Lahadi bayan la'asar ya shigo mu zauna. Zan tambaye ki a gabansa. In eh, eh. In a'a, mu sallame shi da mutunci."

Na ce, "To, Baba." Me zan ce? Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na ɗauki waya na nemi mutum ɗaya da nake faɗa wa komai.

Ƙanwar Kowa kenan. Wasu watanni da suka wuce ta shigo guruf, ba ta san ko yadda ake riƙe reza ba. Hatiminta na farko da ta turo, rubutun ya fito a juye, don ba ta san ana sassaƙa shi a baibai ba. Mata suka yi ta dariya, ni kuwa ta ba ni tausayi, na bi ta gefe na koya mata. Daga koyarwa muka zama ƙawaye. Ba ta taɓa turo murya ba, ta ce muryarta kamar ta agwagwa. Ba ta sa hotonta, amma rabin guruf ɗin ma ba sa sawa, don haka ban kawo komai a raina ba. Tana da haƙurin sauraro. In na zuba mata surutu mai tsawon zani, ba ta katse ni, sai na gama ta rubuto layi ɗaya da zai zauna min daidai.

Na rubuta mata abin da Baba ya ce.

"Ke me kike ji?" ta tambaya.

"Ba na ƙinsa," na rubuta. "Wallahi ba na ƙinsa. Amma in ya tafi ba na jin wani kewa da zai hana ni cin abinci. Kullum shi ne yake gane ni, ni kuwa ban san komai a cikinsa ba. Kamar ina zaune da madubi. Da ke na fi sakewa a kan shi."

Ta daɗe ba ta amsa ba. Na ga alamar tana rubutu, ta goge, ta sake. Can ta turo:

"Kada ki ce eh don kunya, Yaya Mai Reza. Shi ma ba zai so haka ba."

Na ce a raina, Allah ya bar ni da yarinyar nan.

Yanzu bari in koma baya kaɗan, don ku gane abin da ya biyo. Akwai wata yamma da Mai Tabarau yake zaune a baranda ina sassaƙa ganyen gwaiba a kan faranti. Na kusa gamawa, ina bin jijiyoyin ganyen ɗaya bayan ɗaya, sai Umma ta kwaɗa min kira daga kicin. Hannuna ya zame. Rezar ta tsinke jijiyar da ke kusa da kara, ta tafi da ɗan gefen ganyen, kamar tsutsa ta ɗan ciza. Raina ya ɓaci, na wurga shi cikin kwandon shara. Shi kuwa ya sunkuya ya ɗauko, ya goge da ƙyallensa.

"Ya lalace," na ce.

"A wurinki."

"Me za ka yi da shi?"

"Zan ajiye. In kin zama babbar mai zane in ce ina da na farko-farkonki."

Na yi dariya na manta da zancen.

To, jigon wannan watan shi ne "Abin da aka jefar." Ranar Juma'a da rana ina shago, injin kwafi yana ta ƙugi a bayana, sai ga hoto daga Ƙanwar Kowa. Katinta ne bai ƙarasa ba. Ta yi ƙoƙari sosai, kwali mai ruwan ƙasa, tsohon gilashin tabarau guda a tsakiya an ɗaure shi da zare, farin leshi a kwance ta gefe. A ƙarƙashin leshin kuma ta buga ganyayyaki, suna ɗan leƙowa.

Na buɗe hoton da yatsu biyu don in ga yadda tawadar ta zauna. Sai na ga jijiya a tsinke kusa da kara. Na matsa zuwa ganye na gaba, tsinken yana nan. Na gaba ma haka, da ɗan cizon tsutsar a gefe.

Wanda bai taɓa sassaƙa ba zai ce ganye ai ganye ne. Mu kuwa mun san yankanmu kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta a cikin yara. Ko a cikin hatimi nawa aka jefa shi zan ɗauko nawa. Wannan rezata ce, kuma kiran Umma ne ya yi wannan tabon.

Na tsaya ina kallon hoton har wata mata da ke jiran takardunta ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na ce lafiya. Na ba ta takardun a juye.

Na rubuta: "Ganyen nan ya yi kyau. Ke kika sassaƙa?"

"A'a. Samu na yi."

"A ina?"

"Sirri ne, Yaya Mai Reza. In na ci gasa zan faɗa miki."

Har da ɗan hoton fuska mai rufe baki. Jama'a, a nan shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Na haɗa ɗaya da ɗaya. Hatimin da na gani da idona ya shiga aljihun Mai Tabarau, ga shi a hannun wata. Gilashin tabarau a tsakiyar katinta, daga ina? Wato tana zuwa shagonsa. Wato sun san juna har yana ba ta abin da ya ce zai ajiye don ni. Wato ba koyon sassaƙa ya kawo ta guruf ba, ni ta zo leƙe. Kuma ni da bakina na kwashe cikina na juye mata. "Kada ki ce eh don kunya." Ai dole ta ce haka. In na ce a'a, wa zai ɗauka?

Ina cikin wannan tafasar sai ta sake turowa: "Ina so in yi wa gefen katin kore mai duhu, kamar naki na watan jiya. Wace tawada zan sa?"

Ga inda na ce ku riƙe tausayinku.

Tawada iri biyu muke amfani da ita. Akwai ta ruwa, wadda in ta taɓa hannu sabulu ya ishe ta. Akwai kuma wadda ake bugawa a yadi da roba da gilashi, wadda ba ta fita. Ita wannan ba a taɓa ta da yatsa. Da soso ake shafa ta, a sa safar hannu, in ta ɗiga a fata a yi maza a goge da mai kafin ta bushe. In aka kuskura aka sa mata ruwan zafi, to ta samu gida, sai fatar ta canza da kanta. Duk wadda ta daɗe a guruf ta san wannan. Sabuwa ce kawai ba za ta sani ba.

Na rubuta mata: "Ki sayi koriya mai baƙin murfi, irin ta yadi. Kada ki sa soso, yana ɓata gefen. Da yatsunki za ki dangwala ki baje ta, duka yatsun, ki murza sosai. In kin gama ki jiƙa hannun a ruwan zafi, nan take za ta fita."

"Na gode, Yaya. Ban san yadda zan yi ba in babu ke."

Na kife wayar. Na ce, je ki, ki yi mako kina ɓoye hannu a mayafi, in ya so ki nuna masa. Na ji daɗi na ɗan lokaci, ba zan yi muku ƙarya ba. Kafin in tashi daga aiki daɗin ya koma ɗaci.

Asabar Yaya ta zo gida da leda a hannu. Ita ce babbar yayata, tana aure a can wata unguwa, kuma tun da aka fara zancen nan ta naɗa kanta shugabar kwamiti. Ta zazzage ledar a kan gadona, a kan kwalayen da na shanya. Doguwar riga ce ruwan zuma mai aiki a wuya, da mayafi kalar madara.

"Wannan za ki sa gobe. Kuma don Allah ki jiƙa hannayen nan, kamar na mai gyaran mota."

"Yaya, kin danne min kati."

"Kati. Ana zancen rayuwarki kina zancen kati." Ta kafa ni da ido. "Me ya sami fuskarki?"

Na yi niyyar in yi shiru, amma abin ya fi ƙarfina. Na nuna mata hoton, na buɗe ganyen, na nuna mata tsinken. Ta matso da wayar kusa da hancinta, ta nisanta, ta sake matsowa.

"Ni ban ga komai ba sai ganye."

"Ga shi nan, kusa da kara."

"Auta, a kan guntun roba za ki kori mutum? Wanda ma kika jefa a shara?"

"Ya ce zai ajiye."

"To ki tambaye shi mana. Baki gare ki."

Na kira shi a gabanta. Ya ɗauka a bugu na farko kamar kullum.

"Ranka ya daɗe, ganyen nan nawa da ka tsinta, yana nan?"

Ya ɗan yi jim. Kaɗan ne, amma na ji.

"Yana nan. Me ya faru?"

"Ba ka ba kowa ba?"

"Ban ba kowa ba."

"Ko aro?"

"Bai taɓa barin hannuna ba."

Na kashe. Yaya ta tafa hannu ta ce, "Kin ji ko." Ni kuwa abin da na ji shi ne mutumin da ya iya ƙarya da murya mai sanyi. Na yanke a raina cewa gobe a gaban Baba zan ce a'a, in kuma aka tambaye ni dalili in ajiye wayar a kan tebur kowa ya gani.

Umma ta leƙo tana goge hannu a zaninta. "Kun gama shawara? Auta, ni dai kada ki ba ni kunya. Na riga na faɗa wa ƙannena ana zancen alheri."

Na shiga tattara kwalayena da rigar ta lanƙwasa.

Lahadi tun azahar gidan ya ɗauki ƙamshin turare. An share baranda, an canza rigunan kujerun falo, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai baƙo na musamman. Na sa rigar Yaya. Ta ɗan matse ni a hammata, amma na yafa mayafin na zauna ina kallon wayata. Ƙanwar Kowa ba ta turo komai ba tun Juma'a. Na ce, hannu ya yi kore, ba bakin magana.

Mai Tabarau ya iso Baba bai dawo daga masallaci ba, don haka ya zauna a kujerarsa ta baranda. Umma ta miƙo min faranti da ruwa mai sanyi da kofi ɗaya, ta raɗa min, "Ki saki fuskar nan."

Farar riga ce a jikinsa mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ya gaishe ni, na amsa a taƙaice. Abin da na lura shi ne, bai tashi ya karɓi farantin ba kamar yadda ya saba. Hannayensa duka biyu suna cikin aljihu, yana zaune a takure kamar mai jin sanyi, alhali rana ta buɗe.

Na zuba ruwan na miƙa masa.

"Ajiye kawai, na gode."

"Ka sha mana. Umma ce ta aiko."

"Zan sha."

"Hannuna ya gaji."

Ban san me ya sa na nace ba. Neman faɗa nake, ina jin. Ya dubi ƙofar falo, ya dube ni, sannan ya zaro hannunsa na dama a hankali ya karɓi kofin.

Kore ne. Tun daga kan farce har gaɓa ta biyu, duka yatsun, kore mai duhu kamar an tsoma su a miyar ganye. Ya shiga ƙarƙashin farce, ya bi duk layukan fata. A bayan yatsun kuma fatar ta yi ja ta ɗaɗɗaye, alamar an dirje ta da soso mai kaushi har an gaji. Hannayen nan da ban taɓa ganin ko ƙura a kansu ba.

Farantin ya karkace a hannuna, ruwan ya zubo min a rigar Yaya. Na ajiye shi a ƙasa don kada ya faɗi, na zauna a ɗaya kujerar ba tare da na yi niyya ba.

"Na sa ruwan zafin," ya ce, yana kallon kofin. "Kamar yadda kika ce. Sau da yawa. Sai ƙara kamawa take."

Na kafa wa yatsun ido.

"Jiya ban buɗe shago ba. Ba wanda zai yarda in taɓa masa fuska da wannan."

"Kai ne," na ce. "Kai ne Ƙanwar Kowa."

"Ni ne."

"Tun yaushe?"

"Tun farko. Kin taɓa ɗora hanyar shiga guruf ɗin a wayarki. Ina da wani layi na shago."

"Guruf ɗin mata ne."

"Na sani. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi." Ya juya kofin a hannunsa. "In na zo nan kina ba ni amsa da eh da a'a. Amma in kina zancen hatimi sai fuskarki ta canza. Na ce bari in koya, in samu abin da za mu riƙa magana a kai. Mako biyu na yi niyya, in fito. Sai kika biyo ni gefe kika fara koya min. Sai kika fara faɗa min abubuwa."

"Sai ka ci gaba da saurare."

"Sai na kasa fita."

Rezar da ta zo washegarin da na yi ƙorafi. Yadda bai tambaye ni komai ba ranar faɗana da Yaya. Duk abin da Umma ke cewa haɗin Allah ne, ashe da yatsuna na rubuta masa. Na ji kamar an ɗage labulen ɗakina ina tsaka da canza kaya. Na ja mayafin na rufe ƙirjina, duk da a rufe yake.

"Ka karanta abin da na ce a kanka ranar Alhamis."

"Na karanta."

"Kuma ka ce kada in ce eh don kunya."

"Gaskiya ce. Ita ce kaɗai gaskiyar da na iya faɗa miki ta can."

"Me ya kai ka sa ganyena?"

Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "An ce abin da aka jefar. Shi kaɗai nake da shi. Na rufe shi da leshi, na ɗauka ba za ki gane ba."

"Yankana ne. Ko a duhu zan gane."

"Yanzu na sani."

A kicin ana ta ƙarar cokula, Yaya tana dariya da Umma. Sai ya ɗago hannun ya duba, gaba da baya.

"Ke ma in tambaye ki. Kin san ba ta fita?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na so in ce kuskure ne, na so in ce murfin na rikita. Amma mutumin nan ya san ni fiye da haka, ni na koya masa kaina.

"Na sani."

"Me ta yi miki?"

Ku ji fa, "ta". Har shi ma yana maganarta kamar wata ce daban.

"Na ɗauka budurwarka ce," na ce. "Na ɗauka ka ba ta ganyena."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai na ga wani abu ya motsa a fuskarsa, ban san ko ciwo ba ne ko akasinsa.

"Kin ce in na tafi ba ki jin komai."

"Kada ka kuskura," na ce. "Kada ka kuskura ka yi amfani da abin da na faɗa mata."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri."

A daidai nan muka ji gyaran muryar Baba a bakin ƙofar gida. Mai Tabarau ya miƙe, ya rasa yadda zai yi da hannunsa, don ba a gaida babba da hannu a aljihu. Ya fito da su duka biyu ya rusuna. Baba ya riƙe hannun, ya ɗaga shi kusa da gilashinsa.

"Ikon Allah. Kai ma ta sa ka a sana'ar?"

"Ina koyo ne, Baba."

"To Allah ya ba da sa'a. Malamar taka dai ba ta da sauƙi. Bismillah, shigo."

Suka shiga falo. Ni kuwa na zagaya ta baya na faɗa ɗakina na turo ƙofa. Rigar ta jiƙe a cinya. A kan tebur ga katina na gasa ban ƙarasa ba, ga reza, ga koriyar tawadar nan mai baƙin murfi tana kallona. Ina jin haushinsa har cikin ƙashina. Ya shiga inda ba a gayyace shi ba, ya zauna a cikin sirrina wata da watanni, yana zuwa baranda da fuskar wanda bai san komai ba. Kuma ina jin kunyar kaina, don yarinyar da ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri, na zauna na shirya mata mugunta da sanyin rai. Ta yarda da ni, ta tsoma yatsunta duka goma.

Ban san lokacin da na ɗauki waya ba. Yatsana da kansa ya tafi inda ya saba zuwa duk lokacin da duniya ta yi min zafi. Na buɗe sunanta, har na rubuta, "Ƙanwa, kin san me ya faru kuwa," sannan na tsaya ina kallon kalmomin. Wadda nake so in yi wa kuka tana zaune a falon Baba da korayen yatsu. A nan hawayen suka zo, ba na kunya ba, ba na fushi ba. Kewa ce, irin wadda na rantse ban taɓa ji ba.

Kafin in goge, sai ga alamar ana rubutu daga can. Ina jin muryar Baba ta bango yana kiran Umma ta shigo, wato ya samu ɗan sarari kenan ya zaro wayar shagon.

"Ki faɗa wa Baba abin da za ki faɗa wa Ƙanwar Kowa, ba abin da za ki faɗa wa Mai Tabarau ba. Ko mene ne, zan karɓa. Bayan wannan zan fita daga guruf, zan kuma faɗa wa Antin Gasa da kaina."

Sai ɗan rubutun nan ya fito a guruf, wai Ƙanwar Kowa ta fita. Nan take mata suka fara tambaya, lafiya, wa ya taɓa mana ita, ga gasa saura kwana kaɗan.

Yaya ta turo ƙofa ba sallama. Ta dubi rigar, ta dubi idanuna. Ta zo ta goge min fuska da gefen mayafinta, abin da ba ta yi ba tun ina ƙarama.

"Baba na kira."

Na bi ta. Muka shiga falo. Umma tana gefe ta haɗa hannu a cinya tana min murmushin roƙo. Shi yana zaune a ƙasa kan darduma, ya ɗora hannayensa a gwiwa a buɗe, bai ƙara ɓoye su ba. Na durƙusa kusa da ƙofa. A kan kofin gilashin da aka ba shi akwai sawun babban yatsansa da gumi ya jiƙa, kore, ya fito ɓaro-ɓaro kamar an buga hatimi.

Baba ya cire gilashinsa, ya ninke, ya ajiye a kan carbi.

"To, Auta. Ga ni, ga mahaifiyarki, ga shi. Kin san mutumin nan kuwa sosai da za ki ba ni amsa?"

Na ɗago na dubi yatsun nan goma, na buɗe baki na ce, "Yau na fara saninsa, Baba, kuma ina so in ci gaba."